Na canza saitunan kwamfuta don intanet ya ƙara sauri, sai ya ƙara nauyi: ina kuskuren yake?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masana wannan fanni. Akwai matsalar da ta kai mako biyu tana damuna, kuma na ga gara in kawo ta gabanku kafin in ƙara taɓa wani abu in ɓata abin da ya rage.

Layin intanet ɗin da nake amfani da shi a gida, bisa yarjejeniyata da kamfanin da ke ba ni shi, megabit 50 ne a sakan ɗaya wajen saukewa, megabit 10 kuma wajen ɗorawa. Kwamfutata ta hannu ce mai Windows 11, da Wi-Fi nake haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, rautar tana falo ni kuma ina aiki a ɗaki, akwai bango biyu a tsakaninmu. Aikina yana buƙatar sauke manyan fayiloli daga wata saba (kwamfutar da ke ajiye fayilolin) da ke ƙasa mai nisa, sannan kusan kullum ina da taro ta bidiyo. Tun da aka haɗa mini layin ban taɓa ganin hamsin ɗin nan da idona ba, domin duk lokacin da na gwada sauri a kwamfutar, abin da nake samu bai wuce tsakanin 14 da 18 ba.

Saboda haka na shiga neman yadda ake gyara saituna, kuma duk shawarar da na ci karo da ita sai da na aiwatar. Na buɗe allon umarni na kashe abin da ake kira autotuning, domin an ce yana danne sauri. Na mayar da DNS ɗina zuwa 8.8.8.8. Na kashe IPv6, wato sabon tsarin lambobin adireshin intanet, gaba ɗaya. Na shiga saitin da aka ce Windows yana ɓoye kashi 20 cikin ɗari na layi a cikinsa, na mayar da shi sifili. Daga ƙarshe na shiga shafin rauta na ɗaga MTU daga 1492 zuwa 1500, domin an ce wanda ya fi girma shi ya fi gudu. Duk waɗannan a dare ɗaya na yi su.

Abin da ya biyo baya shi ne, gwajin sauri bai canza ba, yana nan inda yake, amma fayil ɗin da a da nake saukewa cikin minti goma yanzu sai ya haura rabin awa. Wasu shafuka kuma sukan fara buɗewa sai su tsaya cak, alamar juyawa tana ta juyawa babu abin da ke fitowa, alhali wasu shafukan suna buɗewa lafiya lau. Taron bidiyo kuwa yana nan da tsohuwar matsalarsa: da zarar mutanen gida sun dawo da yamma, sai muryata ta riƙa yankewa, abokan aiki su ce ba sa jin abin da nake faɗa.

Tambayata ita ce, a cikin abubuwan nan biyar wanne ne ya jawo mini wannan, kuma shin akwai saitin da gaske yake ƙara saurin intanet, ko kuwa duk ɓata lokaci ne? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka lissafa duk abin da ka taɓa, domin mafi yawan masu kawo irin wannan ƙorafi ba sa iya tuna abin da suka canza, kuma hakan shi ke sa gyaran ya yi wuya. Zan fara da wanda na tabbata shi ne ya tsawaita maka saukar fayil, wato kashe autotuning, kuma zan ɗan tsawaita bayani a kansa saboda idan ka fahimce shi za ka gane dalilin da ya sa yawancin shawarwarin da ke yawo sun riga sun tsufa.

Ƙa'idar da ake kira TCP, wadda ake sauke fayiloli da ita, ba ta yarda mai aikawa ya riƙa turo bayanai ba iyaka. Kwamfutar da ke karɓa takan sanar da shi adadin da zai iya turowa kafin ya dakata ya jira ta tabbatar masa cewa sun iso. Wannan adadi shi ake kira tagar karɓa. A asalin tsarin, gurbin da ake rubuta girman tagar ba ya ɗaukar abin da ya wuce bayit 65,535. A zamanin da layuka suke da rauni wannan ya wadatar, amma da layuka suka faɗaɗa sai ya zama ƙaidi, shi ya sa a shekarar 1992 aka fitar da hanyar ninka girman tagar. A zamanin Windows 98 da XP kwamfuta ba ta iya daidaita wannan taga yadda ya kamata da kanta, saboda haka masana sukan shiga rijistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, su rubuta adadin da hannu, kuma a wancan lokaci hakan yana amfani ƙwarai. Ni kaina na yi wa mutane da yawa. To amma tun daga Windows Vista aka sa tsarin ya riƙa auna layin yana faɗaɗa tagar gwargwadon buƙata, kuma wannan aikin shi ne autotuning ɗin da ka kashe.

Ga lissafin abin da ka yi. Da ka kashe shi, tagar ta koma bayit 65,535, babu ƙari. A ce sabar da kake sauke fayil daga gare ta tana da nisan da saƙo zai yi milisakan 150 kafin ya je ya dawo (milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya). Ke nan a kowane milisakan 150 ba za a turo maka fiye da cikin taga ɗaya ba, wanda idan ka ninka da takwas don ya koma bit, ka raba da lokacin, zai ba ka kimanin megabit 3.5 a sakan. Ko da layinka megabit dubu ne, wannan haɗin ba zai wuce nan ba. Don a cika layin megabit 50 a irin wannan nisa, ana buƙatar taga mai bayit 937,500, wato fiye da ninki goma sha huɗu na abin da ka bar wa kwamfutar. Kamar mai ɗebo ruwa ne daga nesa da ƙaramin guga: komai yawan ruwan da ke can, abin da zai kawo ya dogara ne da girman gugansa da tsawon tafiyarsa. Dalilin da ya sa gwajin sauri bai nuna maka wannan ba kuwa shi ne, shafukan gwaji sukan zaɓi sabar da ta fi kusa da kai, sannan su buɗe haɗi da yawa a lokaci guda, don haka ƙanƙantar tagar ba ta bayyana. Ka buɗe allon umarni da izinin mai gudanarwa ka rubuta `netsh interface tcp set global autotuninglevel=normal`, sannan ka duba da `netsh interface tcp show global` ka tabbatar ya koma.

Maganar kashi 20 cikin ɗari kuwa tsohuwar jita-jita ce da ta samo asali tun zamanin XP. Windows ba ya ɓoye wannan kaso ya bar shi a banza. Iyaka ce kawai ta abin da wata manhaja za ta iya neman a keɓe mata idan ta buƙaci fifiko, kuma muddin babu wadda ta nema, layin duka yana hannun sauran manhajoji. Ba shi ne ya cuce ka ba, amma bai ƙara maka komai ba, ka mayar da shi yadda yake.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a ganina. Tun farko ba ka san inda saurin yake zubewa ba, sai ka fara gyara. Tsakanin kwamfutarka da sabar nan akwai matakai da yawa: katin Wi-Fi na kwamfutar, iskar da ke tsakaninta da rauta, rautar kanta, layin kamfani, sannan doguwar hanyar da ke bayansa. Wanda ya fi kowanne rauni shi ke yanke hukunci, kuma babu wani saiti a cikin Windows da zai faɗaɗa matakin da ba a cikin Windows yake ba. Ka nemi kebul na Ethernet ka haɗa kwamfutar kai-tsaye da rauta, ka kashe Wi-Fi, ka sake gwaji. Idan ka ga abin da ya kusa hamsin, to layinka lafiyarsa ƙalau, bangon nan biyu da Wi-Fi su ne ke cinye maka kashi biyu cikin uku. Idan kuma da kebul ma ba ka wuce ashirin ba, sai ka koma wa kamfanin da hujjarka a hannu. Ka kuma lura cewa burauza tana nuna saurin saukewa da megabayit ne, kamfani kuwa da megabit yake sayarwa, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Layin megabit 50 idan ya cika maƙil ba zai nuna maka fiye da megabayit 6.25 a sakan ba. Mutane da yawa sun yi fushi da layinsu a kan wannan bambanci kaɗai.

Malama Mai Kula da Netwok ta amsa:

Assalamu alaikum. Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa game da tagar karɓa, sai dai ba na so ɗan'uwanmu ya tashi da fahimtar cewa taɓa saituna duka aikin banza ne. Akwai waɗanda suke da tasiri na gaske, kuma alamar da ya bayar ta shafukan da ke fara buɗewa su tsaya ta nuna mini ɗaya daga cikinsu ƙarara, wato MTU.

Ɗan'uwa, MTU shi ne girman ƙunshin bayanai mafi girma da layi zai iya ɗauka a tashi ɗaya. A kan Ethernet bayit 1500 ne. Amma rautarka ba banza ta zo da 1492 ba. Wannan adadi yana nuna cewa kamfaninka yana haɗa ka ne ta tsarin PPPoE, wanda yake ɗora bayit takwas nasa a kan kowane ƙunshi, saboda haka dole a rage takwas daga 1500 don a sama musu wuri. Da ka ɗaga shi zuwa 1500, ka sa rautar tana yi wa sabobi alkawarin ɗaukar abin da layin ba zai iya wucewa da shi ba. Ƙananan ƙunsoshi suna wucewa, shi ya sa shafin yake fara buɗewa, amma da zarar saba ta turo cikakken ƙunshi sai ya maƙale a hanya. A ƙa'ida, na'urar da ta tare shi ya kamata ta aika wa sabar saƙon cewa ya yi girma a rage, to amma wurare da yawa suna toshe irin wannan saƙo, sai sabar ta yi ta maimaita aikowa, kai kuma kana zaune kana kallon alamar juyawa. Shi ya sa wasu shafuka suke aiki wasu ba sa yi.

Za ka iya tabbatar da wannan da kanka. Ka rubuta `ping -f -l 1472 8.8.8.8` a allon umarni, zai aika ƙunshin gwaji ya jira amsa. An zaɓi 1472 ne saboda akwai bayit 28 na kanun saƙo da ake ƙarawa a kai, su haɗu su zama 1500. Idan amsa ba ta dawo ba, ko aka ce maka ƙunshin yana buƙatar a rarraba shi, sai ka riƙa rage adadin har amsa ta fara dawowa. Ina kyautata zaton a 1464 za ka tsaya, wanda da ƙarin 28 ya zama 1492. Kuma ka duba abin da ka nema da abin da ka rasa: bayit takwas a cikin 1500 kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai, ko da ya yi aiki ba za ka taɓa jin bambancinsa ba. Garin neman gira ne aka rasa ido. Na taɓa kwana biyu ina bin irin wannan matsala a wani ofis da nake kula da shi, ma'aikata suna iya karanta saƙonnin imel amma duk wanda ya haɗa fayil a saƙo sai ya ƙi tafiya, ashe wani ne ya canza wannan lamba ɗaya a rauta bai gaya wa kowa ba.

Game da DNS, aikinsa fassara sunan shafi ne zuwa lambar adireshinsa, kuma da zarar ya fassara aikinsa ya ƙare, ba ya cikin hanyar da fayil yake bi. Saboda haka ba zai ƙara ko megabit ɗaya a saurin saukewa ba. Inda yake amfani shi ne idan na kamfaninka yana jinkirin amsawa ko yana yawan faɗuwa, domin shafi ɗaya yakan jawo abubuwa daga sunaye da dama, kuma kowane suna sai an tambaya. A irin wannan hali, komawa 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, wanda ya fito a 2018, yana sa shafuka su riƙa buɗewa da hanzari. Sai dai akwai ɓangare na biyu da ba a cika faɗa ba: manyan shafuka suna da sabobi a wurare da yawa, kuma wani lokaci da DNS ɗin da ka tambaya ake hasashen inda kake, don haka na waje zai iya tura ka zuwa sabar da ta fi nisa. Ka gwada kowanne na kwana biyu, ka riƙa share tsofaffin amsoshi da `ipconfig /flushdns` bayan kowane canji, ka zauna a kan wanda ya fi maka.

IPv6 kuma ka mayar da shi. Microsoft da kanta ba ta ba da shawarar a kashe shi ba, domin akwai sassan Windows da aka gina bisa zaton yana nan.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin shi ne asalin 14 zuwa 18 ɗin da kake gani. Ka rubuta `netsh wlan show interfaces` kana zaune a inda ka saba aiki. Zai nuna maka ƙarfin sigina, da tashar da kake kai, da saurin da katin ya daidaita da rauta. Idan lambar tashar tana tsakanin 1 da 13, to kana kan zangon gigahaz 2.4 ne, wanda yake cike da rautocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth, har da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. A wannan zango tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Zangon gigahaz 5 ya fi fili kuma ya fi gudu, amma bango yana raunana shi fiye da na farkon, saboda haka da bango biyu sai ka gwada ka gani. Sau da yawa ɗaga rauta daga ƙasa a ɗora ta a sarari ya fi duk wani umarni da za a rubuta.

Ɗalibin Injiniya ya amsa:

Gaisuwa ga malamaina biyu da suka gabace ni. Ban da abin da zan ƙara a kan bayaninsu, amma na lura babu wanda ya taɓo maganar taron bidiyo, kuma mai tambaya ya ce tana nan tun kafin ya canza komai, wato cutar daban ce.

Malam, taron bidiyo ba ya buƙatar layi mai faɗi sosai, megabit kaɗan sun ishe shi. Abin da ba ya jurewa shi ne jinkiri, musamman jinkirin da ke hawa yana sauka. Ka ce da yamma abin yake faruwa idan mutanen gida sun dawo. Abin da nake zato shi ne, wayoyinsu suna shiga Wi-Fi sai su fara ɗora hotuna da bidiyon da aka ɗauka da rana zuwa ma'ajiyar intanet, kuma hanyar ɗorawarka megabit 10 ce kacal, nan da nan take cika. Idan ta cika, rauta ko modem ba sa zubar da abin da ya yi yawa, sai su jera shi a dogon layin jira a cikin ma'ajiyarsu. Muryarka, wadda ƙananan ƙunsoshi ce masu gaggawa, sai ta zo ta tsaya a bayan ɗaruruwan ƙunsoshin hoto, kafin ta fita lokacinta ya wuce. Shi ya sa kai kana jin abokan aikinka amma su ba sa jin ka. Wannan matsala sunanta bufferbloat, wato kumburin ma'ajiyar jira, kuma injiniya Jim Gettys ne ya fito da sunan a 2010 bayan ya bi diddigin irin wannan jinkiri a layin gidansa.

Gwajinta ba wuya. Ka buɗe allon umarni ka rubuta `ping -t 8.8.8.8` ka bar shi yana tafiya, ka lura da lambar milisakan da yake nunawa. Sannan ka ɗauki waya ka fara ɗora wani babban bidiyo. Idan lambar ta tashi daga ashirin ko talatin ta koma ɗaruruwa, ka kama ɓarawon. Maganinta a rauta yake. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da dabarar CoDel, wadda ke hana layin jira yin tsawo, daga baya aka gina fq_codel da CAKE, waɗanda ke raba kowane haɗi da layinsa don kada mai manyan kaya ya tare mai ƙarami. Rautocin da ke da wannan sukan kira shi SQM, kuma manhajar OpenWrt da ake sa wa rauta tana da shi. Ana saita shi ne a ɗan ƙasa da ainihin saurin layi, kamar kashi 90 cikin ɗari, domin layin jiran ya dawo cikin rautar da kake da iko a kanta. Za ka sadaukar da ɗan sauri a takarda, amma za ka samu layin da ba ya shaƙewa.

Ina so in ƙara gargaɗi ɗaya saboda na san za ka ci karo da su. Za a ce maka ka kashe dabarar Nagle a rijista, wadda ke tara ƙananan saƙonni kafin a aika su, ko ka koma BBR, dabarar daidaita saurin aikawa da Google ta fitar a 2016. BBR yana aiki ne a ɓangaren mai aikawa, don haka sa shi a kwamfutarka ba zai taɓa saurin abin da ake turo maka ba. Yawancin manhajojin taron bidiyo kuma da UDP, wata ƙa'ida daban da TCP, suke ɗaukar murya da hoto, haka ma shafuka da yawa yanzu suna amfani da sabon tsarin haɗi mai suna QUIC wanda shi ma a kan UDP yake, saboda haka duk wani gyaran TCP ba ya ma isa gare su.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na gode ƙwarai da lokacin da kuka ba ni. Na bi shawarwarinku, amma a wannan karon ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta sakamakon kowanne a takarda kafin in wuce na gaba.

Da na mayar da autotuning, fayil ɗin ya koma minti goma yadda yake a da. Gwajin da Malama ta ce in yi ya tsaya daidai a 1464, na mayar da MTU 1492, shafukan da ke maƙalewa duka sun buɗe. Na aro kebul na haɗa da rauta, gwaji ya nuna 47, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haɗa mini layin. Da na duba Wi-Fi kuwa sai na tarar ina kan tasha ta 6, ƙarfin sigina kashi 48 cikin ɗari. Rautar tana ajiye ne a ƙasa cikin kantar talabijin, a bayan ƙofar gilashi, eriyoyinta biyu a kwance saboda wurin ba shi da tsawo. Na fito da ita na ɗora a saman kantar, na miƙar da eriyoyin, na koma zangon gigahaz 5, yanzu ina samun tsakanin 36 da 41 a ɗakina, fayil ɗin kuma yana sauka cikin minti huɗu da 'yan sakanni.

Gwajin ɗan'uwa ɗalibi ma ya fito kamar yadda ya faɗa: jinkirin yana milisakan 24, da na fara ɗora bidiyo ta waya sai ya haura 700. Sai dai na duba ko'ina a shafin rautar ban ga SQM ba, abin da ke akwai kawai wurin ƙayyade wa kowace na'ura saurinta ne. Shin wannan zai wadatar, ko sai na sauya rauta?

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa ya sake amsawa:

Madalla, ɗan'uwa, na ji daɗin wannan sakamako. Kada ka yi gaggawar sauya rauta, ka fara da abin da ke hannunka. Ka ƙayyade wa kowace waya saurin ɗorawa yadda idan aka haɗa su duka ba za su wuce megabit shida ko bakwai ba, kwamfutarka kuma ka bar ta babu ƙaidi. Muddin hanyar ɗorawa ba ta cika ba, layin jiran ba zai taru ba. Bai kai SQM kyau ba, domin kason wayar da ba ta aiki yana zama a banza, kuma duk baƙuwar na'ura da ta shigo sai ka saita ta, amma ga gida ɗaya yakan isa.

Ka kuma duba kwamfutar taka, domin ita ma tana iya cika hanyar ba da saninka ba. A cikin saitunan Windows Update akwai Delivery Optimization, wanda idan an ba shi izini yake ɗora sabuntawa zuwa wasu kwamfutoci ta intanet, sai ka kashe shi ko ka taƙaita shi ga na'urorin cikin gidanka. Ka buɗe Task Manager lokacin taro, ka jera manhajoji bisa amfani da netwok, ka ga ko akwai mai daidaita fayiloli da ma'ajiyar intanet a ɓoye, ka dakatar da ita har a tashi. Bayan haka ka maimaita gwajin ping da yamma lokacin da kowa yake gida. Idan jinkirin ya tsaya ƙasa da milisakan ɗari ko da ana ɗorawa, muryarka za ta isa ga abokan aikinka ba yankewa, idan kuma ya ci gaba da haurawa ɗaruruwa, ka kawo mana lambobin da samfurin rautar mu duba ko tana ɗaukar OpenWrt.